Mararrabar Kuru: tashar da ta haɗa Bauchi da Gombe da sauran layin dogon Najeriya

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun da aka sake tayar da zancen gyaran layin dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, tambayar kowa a nan Gombe ita ce yaushe jirgi zai dawo tasharmu. 'Yan'uwanmu na Bauchi su ma tasu tashar suke tambaya. Ban ji mai maganar Kuru ba. Alhali duk jirgin da ya taɓa shigowa Bauchi ko Gombe daga Legas, ko Fatakwal, ko Kaduna, ta Kuru ya biyo, ba shi da wata ƙofar. Yau in ka ce wa matashi Kuru, cibiyar nan da ake horar da manyan jami'an gwamnati da hafsoshi kaɗai zai tuna. Don Allah dattawanmu da malamanmu a ba mu tarihin tashar nan da irin aikin da take yi, sannan mu tattauna ko tana da sauran amfani a gare mu.

Ɗan Wunti:
Wa alaikumus salam. Yaya, Kuru ta jihar Filato kake nufi? Ai jirginmu ta Jos yake zuwa, yadda mota ke bi ta Toro da Tilde. Kuma mu da muke neman a gyara mana tamu, ina ruwanmu da tashar wata jiha?

Malamar Tarihi:
Ƙanena Ɗan Wunti, titin mota ne ke ratsa Jos, dogonmu bai ratsa ta ba. Jos ƙarshen reshe ce. Jirgi in ya shiga Jos, ta inda ya shiga zai fito.

Ga yadda abin yake. Layin gabas ya taso ne daga Fatakwal, ya kai Enugu a 1916 saboda kwal. Aka ci gaba da shi ta Makurdi har ya iso Kafanchan a 1927. A Kafanchan ya rabu biyu: hannu ɗaya ya nufi Kaduna ya haɗu da layin Legas zuwa Kano, ɗayan ya hau tsaunuka ta Kagoro, ya bi ta Kuru da Bukuru ya tsaya a Jos. Kuza ce ta ja shi can. A wancan lokacin Kuru tasha ce kawai a kan hanya, irin wadda jirgi ke ɗan tsayawa ya wuce.

Darajarta ta zo ne a 1958, da aka fara shimfiɗa layin Borno. Daga Kuru aka yanko shi, kudu da Bukuru, ya yi gabas ya gangaro daga tsaunuka. Ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Tsawonsa kusan kilomita 640. An samu kuɗin aikin ne da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya a 1958, kuma shi ne rancen farko da bankin ya ba Najeriya. Kada mu manta Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe ministan sufuri kafin ya zama Firayim Minista a 1957, kuma a hannunsa aka yi wannan aiki tun daga farawa har gamawa. Tun daga ranar Kuru ta zama mararraba mai hanya uku: Kafanchan, Jos, da Bauchi.

Abu Hafsat:
Malama, Allah ya ƙara sani. To amma na taɓa karanta cewa tun 1914 akwai jirgin Bauchi. Yaya ke nan?

Malamar Tarihi:
Malam Abu Hafsat, akwai shi, amma bai taɓa taka garin Bauchi ba. Ƙaramin layi ne da ya taso daga Zariya, aka fara amfani da sashensa a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914. An kira shi jirgin Bauchi ne saboda a lokacin ƙasar Jos na cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yi Lardin Filato. Faɗin layinsa ƙafa biyu da inci shida ne, bai kai na babban layi ba, don haka duk kuzar da ya ɗauko sai an sauke ta a Zariya an sake lodi a manyan taragu. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja baya, aka rufe shi a 1957. A riƙe wannan magana ta sauke kaya a sake lodi, za ta yi mana amfani in an zo zancen yau.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta min, ni ina faɗa. Malama ta kawo tarihi, Allah ya saka mata da alheri. Ni aikin zan faɗa muku, domin na yi reluwe, kuma na zauna a tashoshin layin nan har da Kuru.

Abin da za ku fara ganewa shi ne layin guda ɗaya ne tak. Jirgin da ya taso daga Bauchi da wanda ya taso daga Kafanchan a kan ƙarfe ɗaya suke tafiya. Ba inda za su yi kiciɓis su wuce juna sai a tasha, inda aka yi layuka a jere. To tashar kan hanya ɓangare biyu take lura da su. Kuru uku take da su. Shugaban tasha a can ba ya barci irin na mutane.

A ofishinsa akwai na'urori, kowace tana haɗe ta waya da 'yar'uwarta a tashar gaba. In jirgi zai tashi, sai ya buga ƙararrawa, na can ya amsa cewa hanya a buɗe take, sannan na'urar ta saki wani ɗan ƙarfe guda ɗaya. A sa shi a jakar fata mai babban zobe a miƙa wa direba. Wannan ƙarfen shi ne izininsa. Muddin yana hannun direba, na'urar ba za ta saki wani ba, ko ta nan ko ta can, sai an kai shi tashar gaba an mayar. Direban da ba shi da shi ba ya motsawa, ko Gwamna ne a cikin jirgin. Ka ga ma'aikaci a bakin layi cikin dare ya ɗaga zoben nan sama, fitila a ɗaya hannun, mataimakin direba ya leƙo ya zura hannu ya sure shi, ya jefo na tashar baya. Hannuwa sun ƙage don sanyi, amma ba a yarda ya faɗi ƙasa ba.

Sai juya layi. Da ƙarfin hannu ake jan sandar, a tabbatar harshen ƙarfen ya manne sosai kafin a ɗaga wa jirgi alama. Tsakuwa ɗaya in ta maƙale a tsakani tana iya sauke tarago. Shi ya sa kullum akwai mai bi da tsintsiya da gwangwanin baƙin mai.

Aiki mafi cin rai kuwa shi ne ware taragu. Jirgin kaya zai zo daga kudu a gauraye: wannan na Jos, wannan na Bauchi, waɗannan uku na Gombe, sauran na Maiduguri. A kwance, a tura na Jos gefe, a jera sauran bi da bi yadda in an isa kowace tasha za a cire nata ba tare da an wargaza jirgin duka ba. In aka yi kuskuren jeri a mararraba, ma'aikatan Bauchi da Gombe ne za su sha wahalarsa.

Ɗan Jekadafari:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba. Wallahi ban taɓa jin wannan bayani ba. Fasinja fa? Wanda ya taso daga Gombe zai je Jos yaya yake yi?

Baba Tsohon Ma'aikaci:
In jirgin da ya hau na kudu ne kai tsaye, to a Kuru zai sauka ya jira na Jos, ko ya fita bakin titi ya nemi mota, tunda tafiyar ba ta da nisa. Mai zuwa Fatakwal ya zauna abinsa. Mai zuwa Kaduna ko Zariya ko Legas kuwa, a Kafanchan hanyarsa ke rabuwa da ta Fatakwal. Ku sani Kafanchan ta fi Kuru girma nesa ba kusa ba, can ne ake da babban wurin gyaran kawunan jirgi da kwatas ɗin ma'aikata masu yawa. Amma mu 'yan layin Borno, Kuru ce bakin ƙofarmu. Kuma hedikwatar gundumar arewa maso gabas ta hukumar jiragen ƙasa a Bauchi take, Ɗan Wunti, a garinku. Ma'aikatan da ke ofishin nan sun san in hanya ta toshe a Kuru, aikinsu ya tsaya.

Maman Ummi:
Allah sarki, Baba ya tuna min da ƙuruciya. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, fatauci take yi. Ta kai wake da busasshen kifi kudu, ta sayo manja da garin rogo. Ina ƙarama takan tafi da ni in an yi hutu. Abin da ba na mantawa da Kuru shi ne sanyi. Ka baro zafin Gombe da 'yar riga, ka farka ka ji haƙoranka na haɗuwa. Tun daga gida take ware mana bargo ta ce wannan na Kuru ne. Jirgi na tsayawa masu talla za su yanyame tagogi: dafaffen ƙwai, gasasshiyar masara, dankalin Turawa a kwando, kabeji, karas, ga mai shayi yana bin taragu da butarsa. Ta taga ake ciniki, wani lokaci jirgi ya motsa mai talla na bin sa da gudu da canji a hannu. Matan Birom da ke sayar da dankali sun san mahaifiyata, har bashi suke ba ta sai ta dawo.

Abin da nake so maza su gane shi ne jirgin nan na mata da talakawa ne. Mace mai jarin buhu biyar ba ta iya ɗaukar shatar mota. A jirgi a auna kayanta a sikeli, a ba ta rasit, ta shiga ta zauna, akwai ban ɗaki, akwai wurin da za ta miƙe ƙafa ta shayar da yaro.

Direban Tirela:
Hajiya, Allah ya jiƙan Mama. Baba, a gafarce ni, zan yi magana a gaban manya. Kullum in aka zo zancen jirgi sai a ce mu masu manyan motoci ne muka kashe shi. Ni ban yarda ba. Ɗan kasuwa ba ya barin abin da ya fi masa sauƙi. Ni ina zuwa har cikin kara in ɗauki shanu, in sauke su a kasuwar da mai su yake so. Jirgi sai ka kora su zuwa tasha, ka jira tarago, a je mararraba a jira a ware, a je wata mararrabar a sake jira. Dabba tana ramewa a hanya, mai ita ke asara. Wannan tsaye-tsaye da Baba ya bayyana, shi ne dalilin da ya sa mutane suka dawo wurinmu.

Malamar Tarihi:
Malam Direba, akwai gaskiya a maganarka, kuma ban ɗora wa direbobi laifi ba. Abubuwa ne suka taru. An gina layin nan ne domin gyaɗa da auduga da shanu. Unguwar BCGA da ke Gombe sunan kamfanin audugar Turawa ta ci, saboda injin gurzar auduga da ke wurin, kuma dilolin da ake ɗaurewa dogo ne ke kai su bakin teku. Ko zaɓen hanyar ma ya nuna haka. Tun 1930 jirgi ya kai Nguru, kuma in ka dubi taswira Nguru ta fi Kuru kusa da Maiduguri. A fahimtata, an zaɓi doguwar hanya ne don a ratsa ƙasar noma ta Bauchi da Gombe.

To layin bai shekara goma da gamawa ba aka shiga farin farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, fitar da gyaɗa waje ya durƙushe. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta karkata ga tituna. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda su ne manyan masu ba jirgi lodi. Yaƙin basasa ma ya taɓa layin gabas sosai, domin hanyar Fatakwal ta yanke daga 1967 zuwa 1970. Kamfanin siminti na Ashaka da ya fara aiki a 1979 ya ba layin sabon kaya, amma kamfani ɗaya ba ya riƙe layi mai wannan tsawo. An kawo ƙwararru daga Indiya sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan miƙe, suna tafiya aka koma gidan jiya. Daga baya rashin tsaro ya rufe abin da ke gaba da Gombe, ta Buni Yadi zuwa Maiduguri.

Injiniya Bajoga:
Ina biye da ku tun ɗazu. Bari in shigo ta inda na fi sani. Layinmu siriri ne, faɗinsa milimita 1,067, wato ƙafa uku da rabi. Sababbin layukan da ake yi, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021, faɗinsu milimita 1,435. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Aikin da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a watan Maris na 2021, na Fatakwal zuwa Maiduguri, gyaran siririn layin ne, ba sabon mai faɗi ba. Sashen Fatakwal zuwa Aba ne ya fara aiki a 2024.

Ga abin da ke damuna. In layin yamma ya koma mai faɗi gaba ɗaya daga Legas har Kano, mu aka bar mu a siriri, to kayan Gombe da za su Legas sai an sauke su an sake lodi a inda layukan suka haɗu. Abin da Malama ta ce ya sami ƙaramin jirgin Zariya ke nan.

Ɗan Wunti:
To ka ga ni abin da nake faɗa ke nan. Me zai sa mu nace wa hanyar da Turawa suka zana don kuza da gyaɗa? Ana gina layin Kano zuwa Maraɗi, har da reshe zuwa Dutse. A ja mana mai faɗi daga can ya shigo Bauchi ya wuce Gombe. Kasuwancinmu da Kano ya fi na Fatakwal yawa. A bar Kuru wa 'yan Filato.

Injiniya Bajoga:
Ƙanena, layin Kano zuwa Bauchi abu ne mai kyau, ni ma ina so. Amma sabon layi sai an auna, an biya diyyar gonaki da gidaje, an gina gadoji daga tushe. Wannan kuwa hanyarsa na nan, filin na hukuma ne, tashoshin na tsaye. Kuma kaya masu nauyi ba gudu suke nema ba. Siminti da taki da masara da shanu, in jirgi zai riƙa tafiyar kilomita 60 a awa ba tare da ya kwana a hanya ba, ya wadatar. Afirka ta Kudu da irin wannan siririn layi take jan kwal da ƙarfe zuwa bakin teku. Matsalarmu ba faɗin layi kaɗai ba ce, rashin kula ne: magudanan ruwa sun toshe, zaizaya ta cinye ƙarƙashin layi, ɓarayi na kwance ƙarafa suna sayarwa a matsayin gwangwan.

Sannan ka lura, ko a gyaran da aka bayar zamanin Shugaba Jonathan, gida uku aka raba kwangilar: Fatakwal zuwa Makurdi, Makurdi zuwa Kuru, Kuru zuwa Maiduguri. Ko masu ba da kwangila daga Kuru suke fara lissafin namu. In an gyara Bauchi zuwa Gombe tas, aka bar hawan Kagoro da mararrabar Kuru a lalace, jirginmu zai yi ta kai-kawo ne tsakanin garuruwa biyu da mota ke haɗawa cikin awa biyu.

Abu Hafsat:
Na ji gwamnatin Filato ta haɗa kai da hukumar jiragen ƙasa an dawo da jirgin fasinja tsakanin Jos da Bukuru da Kuru. In haka ne, ai tashar ba ta mutu ba.

Injiniya Bajoga:
Haka ne, Malam, a zamanin Gwamna Caleb Mutfwang aka yi. Kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi na da ikon shiga harkar jirgin ƙasa, ba ta Tarayya kaɗai ba ce kamar da. Sai dai wancan jirgin ma'aikata ne da 'yan kasuwa na cikin gari. Hannu ɗaya ne daga cikin uku ya motsa. Namu hannun, mai gangarowa Bauchi, shi ne ke buƙatar gwamnatocin Bauchi da Gombe su zauna da ta Filato.

Ɗan Wunti:
Na ji hujjarku, amma ni har yanzu ina kan bakana cewa kada gyaran tsohon ya sa a rufe mana baki a kan sabon. An yi wa wasu mai faɗi, mu ma 'yan ƙasa ne.

Maman Ummi:
Ɗana, nemi duka biyun, ba wanda ya hana. Amma mu da muke biyan kuɗin mota a kan kowane buhu, wanda zai fara zuwa muke so.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Injiniya, ka ƙara wannan a lissafinka. Ƙarfe ana sayo shi, mutum ba a sayo shi. Waɗanda suka san hawa da gangaren da ke tsakanin Kuru da Bauchi, inda ake rage gudu, inda ruwa ke cin layi da damina, yawancinmu mun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. A ɗauki yara a koya musu tun muna iya magana. Kuma a kare filin tashoshi. Mararraba fili take ci, domin sai da layukan ajiye taragu a gefe. In aka bari aka gine filin da shaguna, ko an kawo sabon jirgi ba inda za a ware kaya, sai jiran da Malam Direba ya yi kuka da shi ya ninka.

Ɗan Jekadafari:
Mun gode Baba. Shawarata ita ce mu rubuta takarda ɗaya, mu kai wa 'yan majalisarmu na Tarayya na Bauchi da Gombe, mu nemi 'yan'uwa a Filato su kai wa nasu. Malama ta rubuta ɓangaren tarihi, Injiniya ya rubuta na aiki. Amma muna buƙatar hotunan halin da layin ke ciki yanzu, ba na intanet ba.

Direban Tirela:
Wannan ku bar min. Jibi in sha Allahu zan yi lodi zuwa Jos, zan ratsa Kuru in ɗauko muku tashar da inda layin ya rabu. Akwai abokan aikina masu bin Bajoga da Ashaka, zan sa su ɗauko na can. Injiniya, ka turo min ta akwatin sirri abubuwan da kake so a ɗauka, gada ce ko magudanar ruwa ko wurin juya layi, don kada in ɗauko abin da ba shi ake nema ba.